Yadda ake hana PowerPoint yi maka shisshigi a cikin aiki

Duk wanda ya taɓa shirya diyapo, wato shafukan PowerPoint da ake haskawa a bango, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai shirin sutanas, wato kare kundin bincikensa a gaban malamai, ko ma'aikacin ƙungiya da zai horas da manoma a Madarunfa, ya san irin wannan takaicin. Kana rubuta layi na bakwai, sai rubutun shafin gaba ɗaya ya tsuke. Ka buga (c), ya rikiɗe ya koma ©. Ka tsaya gaban jama'a kana tsakiyar bayani, shafi ya wuce da kansa. Kwamfutar ba ta lalace ba, ba kuma birus ba ne. Abubuwa ne da aka kunna su tun daga kamfani, kuma kusan kowane ɗaya yana da wurin da ake kashe shi.

Amma kafin ka fara kashe-kashe, akwai abin da ya kamata ka riƙe, don shi ne ke ɓata wa mutane aiki a nan. Gyaran iri biyu ne. Akwai wanda ke zama cikin kwamfuta, akwai wanda ke shiga cikin fayil ya bi shi duk inda ya je. A Maradi da wuya a shirya aiki a kuma nuna shi a kan na'ura guda: a rubuta a kwamfutar aboki, a ƙarasa a sibar, a zuba a kile (USB), ranar taro a buɗe a kwamfutar ɗakin taron. Duk abin da ka kashe a cikin Options, ban da ƙalilan, nan ka bar shi a na'urar farko. Saboda haka a manyan matakai za a faɗi ko gyaran na kwamfuta ne ko na fayil.

Sunayen maɓallai da ke ƙasa na Office na Faransanci ne, tunda shi ya fi yawa a ofisoshi da makarantunmu. Wanda kwamfutarsa ta fito ta wajen Kano da Office na Ingilishi ya bi wuri, kada ya bi suna, domin jeren ɗaya ne: Fichier shi ne File, Vérification shi ne Proofing, Diaporama kuma Slide Show.

Maganin gaggawa: Ctrl+Z

Da zarar PowerPoint ya canza maka wani abu da kansa, kafin ka buga ko harafi ɗaya, danna Ctrl+Z sau ɗaya. Canjin da ya yi kaɗai zai warware, abin da ka rubuta yana nan. Adireshin intanet da ya koma shuɗi mai ja-layi zai dawo rubutu zalla, © zai koma (c), babban harafin da ya ƙaƙaba zai koma ƙarami. In ka ci gaba da rubutu kafin ka lura, to sai ka warware duk abin da ya biyo baya tukuna. Wannan dabara tana aiki a kowace kwamfuta, har wadda ba taka ba da ba ka son taɓa saitinta.

PowerPoint yana tuna matakai 20 ne kawai na baya. A Fichier > Options > Options avancées akwai wurin da ake ƙara adadin, har zuwa 150. Hamsin ya wadatar.

Gyaran rubutu da ba a roƙa ba

Shiga Fichier > Options > Vérification, ka danna Options de correction automatique. Taga za ta buɗe da sassa a samanta. Biyu na farko ne namu.

A sashe na farko, Correction automatique, ga abin da ya cancanci a duba:

1. Majuscule en début de phrase, da ɗan'uwansa na gidajen tebur. Su ne ke mai da harafin farko babba. A jimla ba laifi, amma a teburin amfanin gona sai « kg » ya koma « Kg », « ha » ya koma « Ha », « pH » ya koma « PH », kuma malamin da ke cikin masu yi maka hukunci ranar sutanas zai gani. Cire alamar daga na tebur ko da ka bar na jimla.
2. Wanda ke cire babban harafi na biyu a kalma. An yi shi ne don mai hannu mai nauyi a kan Maj, maɓallin babban harafi (Shift), amma yana mai da « MWh » ya zama « Mwh ». Ko ka kashe shi, ko ka danna Exceptions ka shigar da kalmomin da kake son a ƙyale.
3. Correction en cours de frappe, da dogon jerin da ke ƙarƙashinsa. A nan (c), (r), (tm) suke. Kada ka kashe jerin gaba ɗaya, yana da amfani, za mu dawo kansa. Nemo layin da ke damunka, ka zaɓe shi, ka danna Supprimer. Mai Office na Ingilishi ya goge layin da ke mai da « i » ya zama « I ».

Sashe na biyu shi ne wanda sunansa ke ƙarewa da « au cours de la frappe ». A nan ake kashe mai da 1/2 ya zama ½, ɗaga « er » na 1er sama, mai da adireshi mahaɗin intanet, da kuma jerin lambobi na kai-tsaye, wato wanda da ka buga « 1. » ka ba da tazara sai ya ɗauka jeri kake so ya tura rubutun ciki. Layuka biyu na ƙarshe, masu farawa da Ajuster automatiquement, su ne na tsukewar rubutu. Cire musu alama, amma ka sani wannan rabin magani ne.

Duk waɗannan na kwamfuta ne. Sai dai ba damuwa, domin suna aiki ne lokacin bugawa kawai. Abin da ka riga ka rubuta daidai ba zai canza ba don an buɗe shi a wata na'ura.

In da Hausa kake rubutu

Nan wahalar ta fi yawa, don na'urar tana ɗauka Faransanci kake rubutawa da kuskure.

Jan layin da ke ƙarƙashin kowace kalma ba ya fitowa a lokacin nuni, saboda haka ba abin tayar da hankali ba ne, ido kawai yake gajiyarwa. In kana son kawar da shi daga kwamfutarka, cire alamar Vérifier l'orthographe au cours de la frappe a Options > Vérification. In kana son gyaran ya bi fayil, zaɓi rubutun, ka shiga Révision > Langue > Définir la langue de vérification, ka sa alama a kan kada a duba rubutun. Don kada ka bi shafi-shafi, buɗe Affichage > Mode Plan, danna cikin jerin rubutun da ke hagu, Ctrl+A, sannan ka yi gyaran sau ɗaya. Wannan yana kama kanun shafi da gurbin rubutu na asali ne kawai. Akwatunan da ka zana da hannunka, da tebura, sai an bi su ɗaya-ɗaya. Wani abin kuma, PowerPoint yana ɗaukar harshen sabon rubutu daga harshen allon maɓallai da ke kunne a Windows, shi ya sa bayan ka gyara, sabon akwati ke dawowa da jan layinsa.

Sai ɗan waƙafin sama. Mai rubuta 'yan da 'ya'ya irin na Najeriya zai ga alamar farko ta juya baya, ta fuskanci wani gefen, saboda na'urar ta ɗauka buɗe zance zai yi. A rubutun Nijar da ke amfani da ƴ wannan matsalar ta ragu, amma alamar zance mai biyu tana iya komawa « » ta Faransanci ba ka nema ba. Dukansu layi ɗaya ke kashe su, na farko a sashe na biyu, mai farawa da Guillemets.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, a nan ne za ka juya shisshigin ya yi maka aiki. Dabarar buga lamba a danna Alt+X ta Word ce, kada ka dogara da ita a PowerPoint. Shiga Insertion > Symbole, a gidan lambar harafi ka buga 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, 01B4 don ƴ. Manyansu su ne 0181, 018A, 0198 da 01B3. Da ka saka su sau ɗaya za su zauna a layin waɗanda aka yi amfani da su kwanan nan. Daga nan koma jerin Correction en cours de frappe: a gidan Remplacer rubuta « kungiya », a gidan Par manna « ƙungiya », danna Ajouter. Haka za ka yi wa ɗalibai, ƙauye, haɗin, ɓangare, da duk kalmar da ke yawan fito maka.

Hattara da kalmomi masu tagwaye. Kada ka shigar da kasa, kafa, kara, bata ko baki, domin kowace tana da ma'anarta ba tare da lanƙwasa ba. In ka koya wa na'ura cewa duk « kara » « ƙara » ne, ranar da ka rubuta karan gero za ta bar shi, amma ranar da ka rubuta « a tara kara » za ta ɓata maka magana a gaban manoma. Jerin kuma na kowane harshe daban ne. Sunan harshen yana rubuce a saman tagar, kuma abin da ka shigar a ƙarƙashin Faransanci ba zai yi aiki a rubutun da aka yi wa alamar Ingilishi ba.

Ƙaramin abu da ke ci wa mai gyaran lanƙwasa tuwo a ƙwarya: kana son zaɓen harufa kaɗan da linzami, sai ya kama kalmar duka. A Options avancées, cire alamar da ke cewa a zaɓi kalma gaba ɗaya.

Rubutun da ke tsukewa

Wannan shi ne babba, kuma shi mutane suka fi gyarawa ta hanyar da ba ta riƙewa.

Ga yadda yake aiki. Gurbin rubutu na asali, wanda ke cewa ka danna ka ƙara rubutu, yana zuwa da girman harafi 28 a matakin farko, kan shafi kuma 44. Idan rubutu ya cika gurbin, PowerPoint yakan matse tazarar da ke tsakanin layuka, ya kuma rage girman harafi kaɗan-kaɗan har komai ya shiga. Sakamakon shi ne shafi na uku yana da 28, na huɗu 20, na biyar 15, kuma wanda ke zaune a bayan ɗaki ba ya ganin komai. Mutum sai ya zaɓi rubutun ya mai da shi 28 da hannu, na'ura ta sake tsuke shi, a yi ta ja-in-ja.

Cire alamar nan ta Options yana hana kwamfutarka tsukewa. Amma umarnin tsukewar yana nan rubuce a jikin gurbin, cikin fayil. Ranar taro, aka buɗe a wata kwamfuta, wani ya gyara harafi ɗaya a shafin, sai rubutun ya sake tsukewa. LibreOffice Impress da Google Slides, wasu manhajojin shirya diyapo, kuma kowanne da nasa lissafin, shafin da ya zauna daidai a wurinka yana iya fitowa da wani girma a can. Gyara mai ɗorewa shi ne na jikin gurbin:

1. Danna gefen gurbin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Format de la forme.
2. A allon da ya buɗe ta dama, shiga Options de texte, sannan alamar Zone de texte.
3. Za ka ga zaɓi uku: kada a daidaita, a rage rubutu in ya yi ambaliya, ko a daidaita akwati da rubutu. Zaɓi na farko, Ne pas ajuster automatiquement.

Yi wa shafi arba'in haka ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. Je ka ga uwar diyapo, wato shafin da sauran ke gadon tsarinsa: Affichage > Masque des diapositives. A jerin hagu, hau can sama ka danna babban shafi na farko, shi ne uwar. Yi wa gurbin kai da gurbin rubutu matakai ukun nan. Sannan duba ƙananan tsare-tsaren da ke ƙarƙashinta, musamman na shafin farko da mai gurbi biyu, don wasu suna da nasu saitin da ba ya bin uwar. Ka rufe da Désactiver le mode Masque. Duk sabon shafi zai gaji wannan.

Shafukan da suka riga suka tsuke ba lallai su bi ba, domin kowanne ya ajiye nasa lissafin. Waɗannan ko ka bi su da hannu, ko ka danna maɓallin da ke kusa da Disposition a Accueil, mai suna Rétablir ko Réinitialiser gwargwadon shekarar Office. Ka yi hankali da shi: yana mai da gurbi wurinsa na asali, ya goge launi da girman da ka sa da hannu.

Da ka kashe tsukewa, rubutun zai zubo ƙasan shafi. Kada ka ga kamar an ɓata. Gaskiyar yawan rubutun ce ta fito. In tsukewa na kunne, ɗan maɓalli yana bayyana a kusurwar hagu ta ƙasan gurbin, a cikinsa akwai zaɓin raba rubutu shafi biyu da na mai da shi layi biyu a tsaye. Raba shi ya fi. A ɗakin da hasken rana ke shigowa ta taga, da bangon da ba fari tas ba, girman harafin da ya gaza 24 wahala ne, 18 kuwa iyaka ce ko a tebur. Mafi yawan shafukan da ke tsukewa sakin layi ne da aka kwaso daga kundin bincike aka zuba, kuma maganinsu almakashi ne.

Akwatin da ka zana ta Insertion > Zone de texte halinsa daban ne. Shi yana girma ne yana raguwa da rubutu, shi ya sa kake ja masa tsawo ya koma. Wurin gyara ɗaya ne. In ka daidaita guda yadda kake so, danna gefensa da dama ka zaɓi mai da shi akwatin rubutu na asali, sauran da za ka zana a fayil ɗin su bi sahu. In kuma kana son sabon layi ba tare da sabon ɗigo ba, Maj+Entrée ne.

Hotuna

Hoto yakan faɗa cikin duk gurbin da ya tarar fanko. In gurbin na hoto ne, sai ya yanke masa gefe don ya cika shi, ka ga an sare kan mutane ko rabin taswirar Dakoro. Hoton bai lalace ba. Zaɓe shi, ka buɗe kibiyar da ke ƙarƙashin Rogner, ka danna Ajuster, zai fito duka. In ba ka son wannan rigimar tun farko, canza tsarin shafin zuwa Titre seul kafin ka saka hoto.

In kana jan hoto yana tsalle ya ƙi tsayawa inda kake so, ragar da ba a gani ce ke jansa. Riƙe Alt yayin ja, ko ka matsar da shi da Ctrl da kibiyoyi. Jajayen layukan da ke bayyana in abubuwa biyu suka daidaita kuwa, ka bar su, suna da amfani.

Allon Idées de conception, ko Concepteur, da ke faɗowa ta dama duk lokacin da ka saka hoto, a sababbin Office yake. Da intanet yake aiki, wato in ka jona kwamfuta da wayarka, forfenka yake ci. A Options > Général ake hana shi fitowa da kansa.

Lokacin ajiyewa PowerPoint yana matse hotuna zuwa 220 ppp, wato ɗigo 220 a kowane inci. Ga hoton gona ko na taro ba za ka ga bambanci ba. Ga taswira mai ƙananan sunaye ko takardar da aka yi wa sikan, yana iya dusashewa. A Options avancées, ƙarƙashin Taille et qualité de l'image, sa alama a Ne pas compresser les images dans un fichier. Wannan yana cikin ƙalilan ɗin da ke bin fayil, kuma sai an yi shi kafin ajiyewar farko bayan saka hoton, don abin da aka matse ba ya dawowa. In kuma ta WhatsApp za ka tura wa malami, akasin haka kake so: yi kwafi na biyu, zaɓi hoto, Compresser les images, ka ɗauki 150 ppp.

Manna abu daga wani wuri

Bayan Ctrl+V ɗan maɓalli yana fitowa kusa da abin da ka manna. Rubutu daga Word ko intanet, zaɓi Conserver uniquement le texte, ya ɗauki kamannin shafinka. Shafi daga fayil ɗin wani, in ka zaɓi riƙe kamanninsa na asali, uwar diyaponsa yake jawowa cikin naka, in aka yi ta maimaitawa fayil ya cika da uwaye ya yi nauyi.

Zanen lambobi na Excel, wato graphique, ya fi haɗari. In ka manna shi kai-tsaye, yana zama ɗaure da fayil ɗin Excel da ke kwamfutarka. A wata na'ura zai fito, amma ba za a iya gyara lambobinsa ba, wani lokaci kuma taga ta faɗo tana tambayar sabunta mahaɗai a gaban jama'a. In lambobin sun kammala, manna shi a matsayin Image. In an riga an manna, Fichier > Informations, can ƙasa ta dama akwai wurin gyara mahaɗan fayiloli, a nan ake tsinke igiyar.

Duba kwanan wata ma. A Insertion > En-tête/Pied akwai Mise à jour automatique da Fixe. Na farko yana canzawa kullum, rahoton da ka gabatar a watan Maris in aka buɗe shi a Yuni sai ya nuna Yuni. Zaɓi Fixe ka rubuta ranar da hannu.

Shafin da ke wucewa da kansa

Kusan kullum dalili ɗaya ne. Mutum ya gwada bayaninsa da Vérification du minutage don ya ga ko zai shiga minti goma sha biyar da aka ba shi, da ya gama aka tambaye shi ko a ajiye lokutan, ya danna Oui. Daga nan kowane shafi ya riƙe daƙiƙoƙin da aka yi a kansa, kuma ranar nuni zai wuce in sun cika, ko ana tsakiyar amsa tambaya. Samfuran da ake saukewa daga intanet ma sukan zo da lokaci a jikinsu.

Buɗe Affichage > Trieuse de diapositives. Duk shafin da ke da lokaci za ka ga lambobi a ƙarƙashinsa. Danna Ctrl+A, shiga Transitions, can ƙarshen dama ka cire alamar Après, ka tabbatar Manuellement na da alama. Sannan a Diaporama cire alamar Utiliser le minutage. Yi duka biyun, kuma duka suna bin fayil.

In akasin haka ne, kana dannawa shafi ya ƙi motsi, buɗe Configurer le diaporama ka duba ko an zaɓi nunin borne, wanda aka yi don allon da ke juyawa shi kaɗai. Mai da shi na farko, na mai gabatarwa. A wannan tagar akwai Diaporama sans animation, mai kashe duk tsalle-tsallen rubutu lokaci guda ba tare da an goge su ba. Ga fayil da aka gada daga wani, mai cike da haruffa masu shawagi, ya fi bin su ɗaya-ɗaya.

Ranar nuni

Nau'in harafi shi ne na farko da ke ba da kunya. In kwamfutar ɗakin taro ba ta da wanda ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani ba tare da ta faɗa ba, layuka su karye a wani wuri, ƙ da ɗ su fito da wata kama daban ko su zama akwati fanko. Tun 2023 Microsoft ya fara maye gurbin Calibri da Aptos a sabon Office, alhali Office 2013 da 2016 da suka cika ofisoshi ba su san shi ba. Arial, Calibri, Tahoma da Times New Roman suna kusan kowace kwamfuta mai Windows da Office, kuma suna da haruffanmu huɗu. A Accueil, kibiyar Remplacer, akwai Remplacer les polices mai canza fayil duka a danna ɗaya. In dole sai wani nau'i na musamman, Options > Enregistrement > Incorporer les polices dans le fichier zai cusa shi cikin fayil, in lasisinsa ya yarda.

Faɗin shafi: tun Office 2013 sabon fayil yana zuwa da 16:9, tsofaffin majigi kuwa 4:3 ne, sai ka ga baƙin fili sama da ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Tambayi irin majigin tun kafin ka fara aiki. In dole ka canza daga baya, Taille des diapositives na cikin Création ko Conception, ka zaɓi Garantir l'ajustement, sannan ka bi shafukan da ido, don tambari da hotunan da ke kan uwar diyapo sukan miƙe ko su matse.

Da ka jona majigi ka danna F5, PowerPoint yakan raba allo biyu da kansa: jama'a na ganin shafi, kai kana ganin bayananka da shafi na gaba. Yana da daɗi in ya faɗa daidai. In ya juya, jama'a suka ga bayananka na sirri, danna Paramètres d'affichage a saman allon ka musanya. Matsala ta biyu, in ka fita don nuna bidiyo ko Excel, majigi zai nuna fanko, saboda allon a rabe yake. Danna maɓallin Windows da P, ka zaɓi Dupliquer. Wanda ba ya son rabon sam ya cire alamar Utiliser le mode Présentateur a Diaporama, kuma a kwamfutar da za a yi nunin zai cire ta, ba a tasa ta gida ba. In aka ce ka koma shafi na 12, buga 12 ka danna Entrée. A allon maɓallai na Faransanci, AZERTY, sai ka riƙe Maj kafin lambobin sama su fito.

Fayil da ya zo ta imel ko intanet yana buɗewa da rawayen layi na Mode protégé. In ka san wanda ya aiko, danna Activer la modification. In ba ka sani ba, bar shi haka ka karanta.

Wanda ba a kashewa

Ajiyar ceto, wato kwafin da PowerPoint ke ajiyewa da kansa don in kwamfuta ta mutu kwatsam, a Options > Enregistrement, tana zuwa a kan minti 10. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, da wuta ke yawan ɗaukewa, ga kwamfutar tebur marar batir ko ta hannu mai mataccen batir, mai da ita minti 2 ko 3. Ba ta maye gurbin Ctrl+S, kuma ta fi aminci in fayil ya riga ya sami suna, don haka ajiye shi tun shafin farko. Ka yi aiki a kan kwamfuta, ka kwafa zuwa kile in ka gama. Mai Microsoft 365 da ke ajiya a OneDrive kuma ya lura da Enregistrement automatique da ke saman hagu: in ka buɗe rahoton bara don ka mai da shi na bana, kowane canji kan na baran yake hawa nan take. Yi Enregistrer une copie kafin ka taɓa komai.

Mai LibreOffice Impress zai sami gyaran rubutu a Outils > Options d'AutoCorrection, mai Google Slides kuma a Outils > Préférences, har da na tsukewar rubutu.

In an gama komai, Fichier > Exporter, ka fitar da PDF ka ajiye kusa da fayil ɗin a kile guda. PDF ba ya tsukewa, ba ya musanya harafi, ba ya wucewa da kansa, sai dai babu motsi kuma bidiyo ba zai yi ba. A Adobe Reader, Ctrl+L ke cika allo da shi, kibiyoyi su juya shafi. Ka isa ɗakin da rabin awa a hannu, ka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da za a yi nunin, ka bi shafukan tun daga na farko har na ƙarshe, ka je kujerar baya ka karanta teburin da ya fi ƙananan lambobi.